Seftiriyazon ba maganin kowane zazzaɓi ba ne, asibitoci su rubuta ƙa'ida su kuma bi ta

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe, ina fata kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah a ɗan ba ni fili a jaridar nan tamu, akwai maganar da ta daɗe tana damuna, kuma na ga idan ba mu da ke cikin aikin muka fito muka faɗa ba babu wanda zai faɗa mana.

Ni ma'aikacin famasi ne a asibiti, takardun magani da likitoci ke rubutowa ta hannunmu suke bi kafin magani ya isa jikin mara lafiya, saboda haka abin da ake yawan rubutawa ba ya ɓuya mana. To abin da ya fi yawa a cikin alluran antibayotik, nesa ba kusa ba, shi ne seftiriyazon. Zazzaɓi seftiriyazon, tari seftiriyazon, an yi tiyata seftiriyazon, mace ta haihu lafiya lau ita ma seftiriyazon, har ta kai wani lokacin tun kafin a gama duba mutum an riga an saka masa kanula an tura masa giram 1. Maganin nan mai kyau ne wallahi, ya ceci rayukan da Allah kaɗai ya san yawansu, kuma saboda kyan nasa ne nake jin zafin yadda muke ƙarar da shi a banza. Abin da nake kira gare shi shi ne kowane asibiti ya zama yana da rubutacciyar ƙa'ida ta yadda za a yi amfani da dangin maganin nan gaba ɗaya, wato sefalosporin, a cikin kundin magungunansa da muke cewa fomulari, sannan abin da ke ajiye a sito ya dace da abin da aka rubuta a kundin.

Ga wanda bai sani ba, fomulari ba jerin sunayen magani ba ne kawai. Kwamitin magunguna na asibiti ne ke zama ya rubuta shi, a ciki akwai likitoci da 'yan famasi da nas-nas da mutanen lab, su ce ga maganin da za mu ajiye, ga cutar da za a ba da shi a kanta, ga dos ɗin babba ga na yaro, bayan awa nawa za a maimaita, kwana nawa za a yi, wa ke da ikon rubuta shi kai tsaye, wane ne kuma sai ya nemi amincewar babban likita. Idan babu wannan, kowa abin da ya taras ogansa yana yi shi zai yi, shi ma ogan haka ya gada.

Dangin nan suna da tarihi. A 1945 wani malamin kiwon lafiya ɗan Italiya, Giuseppe Brotzu, ya samo wani nau'in funfuna a ruwan teku kusa da inda ƙazantar birnin Kaliyari ke zuba a tsibirin Sardiniya, ya lura cewa tana hana ƙwayar taifod yaɗuwa. A 1948 aka aika samfurin zuwa Oksfod a Ingila, inda Edward Abraham da Guy Newton suka yi shekaru suna aiki a kai har suka tace sinadarin, sai a 1964 na farko ya shiga kasuwa, sefalotin. Kusan shekara 20 kenan daga ganowa zuwa gadon mara lafiya. Daga nan aka yi ta fito da su zubi-zubi, abin da likitoci ke cewa jenareshon. Zubi na farko su ne sefazolin da sefaleksin, na biyu su sefuroksim da sefoksitin, na uku su seftiriyazon da sefotaksim da seftazidim da sefiksim, na huɗu sefepim, sai na baya-bayan nan irin su seftarolin.

A nan ne kuskuren farko yake, har a bakin wasu ma'aikatan lafiya. Ana ɗauka na uku ya fi na farko ƙarfi, na huɗu ya fi na uku, kamar dai sabuwar waya da tsohuwa. Sam ba haka ba ne. Kowanne da irin ƙwayoyin da ya ƙware a kansu. Ƙwayar sitafilokokus da ke zaune a fatar mutum, wadda ita ce ke yawan sa ciwo ya yi ruwa ko maruru ya fito, sefazolin ɗan zubin farko ya fi seftiriyazon iya ta, shi kuwa seftazidim ɗan zubi na uku kusan ba ya tsinana mata komai, ƙwarewarsa a kan wata ƙwayar cuta daban da ake kira sudomonas take. Saboda haka likitan da ya tsallake sefazolin ya ɗauko seftiriyazon don ciwon fata yana ganin ya kyautata wa mara lafiya, a gaskiya ya rage masa ne, sannan ya kashe masa ƙwayoyin hanjinsa masu amfani ba gaira ba dalili.

Bari na tsaya a kan tiyata sosai domin nan ne ɓarnar ta fi yawa, kuma nan ne gyaran ya fi sauƙi. Allurar da ake yi kafin tiyata ba don warkar da wata cuta ba ce, rigakafi ce, ana so lokacin da wuƙa za ta taɓa fata a ce maganin ya riga ya cika jini da nama, ta yadda duk ƙwayar da ta faɗa cikin yankan ba za ta samu wurin zama ba. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitoci da 'yan famasi na Amurka suka fitar a 2013 ta ce a yawancin tiyata sefazolin ake so, giram 2 ga babba, giram 3 idan nauyinsa ya kai kilo 120, yaro kuma miligiram 30 a kowane kilo, a ba shi cikin minti 60 kafin a fara yanka, idan aikin ya wuce awa 4 ko jini ya zuba da yawa a ƙara wani dos ɗin a nan cikin ɗakin tiyatar. Idan an ɗinke an gama, shikenan. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2016 ta faɗa ƙarara cewa kar a ci gaba da ba da antibayotik bayan an gama tiyata da sunan rigakafi, domin ba ya ƙara kare komai.

To ka zo ka ga yadda abin ke faruwa a zahiri. Ana zagayen maganin asuba, wajen ƙarfe 6, nas ta zo ta tura wa mara lafiya allurarsa a wod tunda an rubuta a ba shi kafin tiyata, ta sa hannu a takarda, ta yi aikinta daidai yadda aka umarce ta. Shi kuma yana kwance sanye da rigar tiyata yana jiran layi, na gabansa aikinsa ya ja, ga wata mai naƙuda an shigo da ita ta gaggawa, ba a tura shi ciki ba sai da azahar ta kusa. Sefazolin rabinsa yana fita daga jini cikin kusan awa 2, ka lissafa da kanka abin da ya rage bayan awa 6, ɗan kaɗan ne. An yanka shi babu kariyar kirki kenan. Sannan da aka fito da shi sai a rubuta masa seftiriyazon da metronidazol na kwana 5 ko 7, lokacin da amfanin ya riga ya wuce. An ba da magani kaɗan a lokacin da ake bukatarsa, an ba da mai yawa a lokacin da ba a bukata. Layi ɗaya a fomulari zai gyara wannan: mai ba da maganin barci shi zai tura allurar a cikin ɗakin tiyata, a rubuta lokacin da aka tura da lokacin da aka fara yanka. Haka ma matan da ake yi wa aikin ciro jariri, da can ana jira sai an ɗaure cibiya kafin a ba uwar, yanzu an tabbatar a ba ta kafin a yanka fata ya fi rage mata ciwon mahaifa da ruɓewar ɗinki.

Sai maganar dos, wadda mutane suka ɗauka yawan giram ne kawai. Dangin nan, su da 'yan uwansu penisilin, aikinsu da lokaci yake tafiya. Suna hana ƙwayar cuta gina bangon jikinta ne, kuma abin da ke kashe ta shi ne tsawon lokacin da maganin ya zauna a jini sama da ma'aunin da ke danne ta, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na tazarar da ke tsakanin dos da dos. Shi ya sa idan aka rubuta sefuroksim miligiram 750 ko giram 1.5 duk awa 8, to duk awa 8 ɗin ake nufi. Amma abin da ake yi a wod da yawa shi ne sau uku a rana, safe da rana da yamma, a ba da ƙarfe 8 da ƙarfe 2 da ƙarfe 6, daga nan kuma sai washegari, awa 14 cur jini babu magani ƙwayoyin suna hayayyafa. A takarda dos uku sun cika, babu wanda za a ce ya yi laifi. Ni ban ga laifin nas ɗin dare ba wadda aka bar wa wod guda ita kaɗai, laifin na tsarin da bai rubuta ainihin ƙarfe nawa ba ne. Sefaleksin na sha ma haka, miligiram 500 duk awa 6 ake yawan ba babba, mutum ya je gida ya mai da shi safe da dare sannan ya dawo ya ce bai yi masa aiki ba. Ninka dos ba ya maye gurbin wanda aka tsallake. Saboda wannan dalilin ne ma a ɗakin kulawa ta musamman wasu asibitocin ke barin sefepim ya riƙa ɗiga a hankali na awa 3 zuwa 4 maimakon a gama shi cikin minti 30.

Shi seftiriyazon abin da ya sa ya shiga ran kowa shi ne yana daɗewa a jini, rabinsa sai ya yi kusan awa 8 kafin ya fita, don haka sau ɗaya a rana ya wadatar a yawancin cututtuka, giram 1 zuwa 2. Wani kaso mai yawa nasa ta madaciya yake fita, saboda haka ko ƙoda ta ɗan taɓu ba lallai a rage shi ba. Amma a sanƙarau lissafin daban ne, babba giram 2 duk awa 12, yaro har miligiram 100 a kowane kilo a rana, saboda kaɗan ne daga maganin ke iya ƙetarawa ya shiga ruwan ƙwaƙwalwa. Ka ga abin takaicin, mai ɗan tari da mura wanda ba ya bukatarsa ana ba shi, mai sanƙarau da ransa ke hannun Allah kuma a ba shi giram 1 sau ɗaya a rana saboda hannu ya saba da rubuta hakan. Kuma a sanƙarau ba a ɗauko sefazolin ko sefuroksim, ba sa yin abin da ake so a can. Yara kuwa dole a ɗora su a sikeli, kintace da ido ba lissafi ba ne, yaron da tamowa ta kama shekarunsa ba sa nuna nauyinsa.

Akwai abubuwa biyu game da haɗa shi da nake so duk mai riƙe sirinji ya haddace. Garin maganin yana zuwa a 'yar kwalba, wani lokacin da ƙaramar kwalbar lidoken a cikin kwalin. Lidoken ɗin nan na allurar tsoka ne kaɗai, don rage zafi, idan aka kwaɓa da shi aka tura ta jijiya yana iya rikita bugun zuciya. Na jijiya da ruwan allura ake kwaɓa shi, a girgiza har ya narke tas ya zama garai-garai mai ɗan ruwan ɗorawa, a tura a hankali, idan giram 2 ne a sa a ƙaramin drip ya yi aƙalla minti 30. Na biyu shi ne kalsiyam. Seftiriyazon idan ya haɗu da kalsiyam yana dunƙulewa ya zama ƙananan tsakuwoyi, kuma ruwan drip ɗin nan da ake kira Ringa wanda ake yawan ratayawa yana ɗauke da kalsiyam. An samu jarirai da suka rasu aka tarar da tsakuwoyin nan a huhunsu da ƙodarsu, shi ya sa hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2007, ta sake gyara shi a 2009: jaririn da bai wuce kwana 28 ba wanda ake ba ruwa mai kalsiyam ta jijiya, ba a ba shi seftiriyazon kwata-kwata, manya kuma ana iya ba su ɗaya bayan ɗaya amma sai an wanke layin drip ɗin a tsakani, ba a taɓa haɗa su a leda ɗaya ko a tura shi cikin layin da Ringa ke gudu. Sau nawa ake ganin an buɗe 'yar ƙofar robar drip an tura allura ba tare da an ɗaga kai an karanta abin da ke rataye ba? Wannan ba sai an sayi wata na'ura ba, ɗaga kai ne kawai.

Har yanzu a kan jarirai, wanda shawara ta kama, idonsa da fatarsa suka yi ɗorawa, da kuma bakwaini, seftiriyazon yana ture sinadarin shawarar daga furotin ɗin da ke riƙe da shi a jini, ya sake shi ya tafi ƙwaƙwalwa, illar kuma ta har abada ce, kurumta ko shanyewar jiki. Idan dole sai sefalosporin, sefotaksim ake ɗaukowa. Kuma ma Hukumar Lafiya ta Duniya ampisilin da jentamaisin ta sa a gaba ga jaririn da ake zargin cuta ta shiga jininsa. To idan fomulari ya faɗi haka amma sito babu sefotaksim, me ake so likitan yara ya yi da tsakar dare?

Yawancin sauran dangin kuwa ta ƙoda suke fita, a nan ma akwai inda ake tuntuɓe. Sefepim da seftazidim idan ƙoda ta yi rauni suna taruwa a jini su taɓa ƙwaƙwalwa. Tsoho yana kwance kwana uku ko huɗu da fara allura, sai a ga ya fara ruɗewa, ba ya gane 'ya'yansa, hannunsa yana fizga, ko ya yi shiru ya daina magana, sai a ce ai jikin ne ya yi tsanani ko tsufa ne, alhali wata irin farfaɗiya ce marar jijjiga da maganin ya jawo, kuma galibi idan an tsayar da shi mutum yana dawowa hayyacinsa. A 2012 hukumar nan ta Amurka ta yi gargaɗi a kan sefepim, ta ce a rage dos idan tacewar ƙoda ta sauka zuwa mililita 60 a minti ko ƙasa. Kuma kallon lambar kiriyatinin kaɗai, wato gwajin jinin da ke nuna aikin ƙoda, yana yaudara, tsohuwa siririya lambarta za ta fito kamar lafiya lau alhali ƙodarta rabin aiki take yi, dole a haɗa da shekaru da nauyi a lissafa, akwai tsarin lissafin Cockcroft da Gault tun 1976, yanzu ma a waya ake yi cikin minti ɗaya. Fomulari mai kyau yana da ɗan jadawali na wannan a shafi guda. Sai dai kar a wuce gona da iri, mutumin da cuta ta shiga jininsa yana cikin mawuyacin hali, dos ɗin farko cikakke ake ba shi ko yaya ƙodar take, a na gaba ne ake ragewa.

Sannan akwai ƙwayoyin da dangin nan ba sa taɓawa ko an juye kwalba goma. Ba sa kashe enterokokus. Ba sa kashe listeriya, shi ya sa a sanƙarau na jarirai da masu ciki da waɗanda suka haura shekara 50 ake ƙara ampisilin. Ba sa kashe ƙwayoyin nimoniya marasa bango irin su maikoplasma. Sitafilokokus mai taurin kai da ake kira MRSA sai 'yan baya-bayan nan irin seftarolin. Bairos na mura da ƙwayar maleriya kuwa ba ma a maganarsu, babu ruwansu da antibayotik irin wannan, amma zazzaɓinsu ne ke cinye kaso mai yawa na alluran da muke bayarwa.

Abin da ke biyo bayan wannan ɓarin shi ne ƙwayoyin su daina jin magani. E. koli da kilebsiyela, ƙwayoyin cuta da ke zama a hanji, sun koyi fitar da wani sinadari da ake kira ESBL wanda ke datse sefalosporin na zubi na uku kafin ya yi komai, kuma yawan amfani da seftiriyazon yana cikin manyan abubuwan da ke ba su fili, domin yana share masu rauni a hanji ya bar masu taurin su mamaye. Daga nan sai a koma wani antibayotik na wani dangi daban, meropenem, idan shi ma ya gaza abin da ya rage kaɗan ne. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka bijire wa magani, kuma abin yana da hannu a mutuwar kusan miliyan 4.95. Taifod ɗin da Brotzu ya fara gwada funfunarsa a kanta, tun 2016 aka samu ɓarkewar wani nau'inta a lardin Sindh na Pakistan wanda seftiriyazon ba ya yi masa komai. Ciwon sanyi da ake ɗauka ta jima'i kuwa seftiriyazon ne kusan maganin ƙarshe da aka dogara da shi, a 2020 Amurka ta ɗaga dos ɗinsa daga miligiram 250 zuwa 500, Birtaniya giram 1 take bayarwa, saboda ƙwayar tana ta ƙara tauri. Akwai kuma gudawar nan mai tsanani ta asibiti da ƙwayar C. diff ke jawowa bayan antibayotik ya share hanji, Birtaniya ta sha fama da ita, kuma taƙaita sefalosporin da su siprofuloksasin a asibitocinta yana cikin abin da ya sauko da ita bayan 2007.

Saboda irin wannan ne a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba antibayotik gida uku a tsarin da ta kira AWaRe. Akwai na farawa da su, sefaleksin da sefazolin suna nan. Akwai waɗanda ake sa wa ido, seftiriyazon da sefotaksim da sefuroksim da sefiksim da seftazidim duk suna nan. Akwai na ajiya don ranar da komai ya gaza, irin su seftazidim mai haɗe da abibaktam da sefiderokol. A 2024 a babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ƙasashe suka amince cewa zuwa 2030 aƙalla kashi 70 cikin 100 na antibayotik da mutane ke amfani da su su fito daga gidan farko. Duk asibitin da zai rubuta fomulari ba sai ya fara daga tushe ba, hukumar ta fitar da littafi guda a 2022 mai ɗauke da cuta-cuta da magani da dos da kwanaki, kyauta ne a intanet.

Wani abin da ke tura likitoci ga maganin da bai dace ba shi ne rubutun nan da ake yi da jan biro a bangon folda cewa penisilin ba ya karɓar wane. Kusan mutum 1 cikin 10 yana faɗin haka, amma idan aka gwada, fiye da kashi 90 cikin 100 nasu ba su da matsalar, wani tashin zuciya ne ya taɓa yi, wani ƙurji ne tun yana yaro wanda ƙila ma na ƙyanda ne. An daɗe ana koyar da cewa kashi 10 cikin 100 na masu borin penisilin za su yi bori da sefalosporin, yanzu an gano abin bai kai haka ba, wajen 1 zuwa 2 ne, kuma ya danganta da kamannin wani reshe na sinadarin. Sefaleksin yana kama da ampisilin a wannan reshen don haka a yi hattara, sefazolin kuwa nasa daban ne da na kowa. Abin da ake bukata a tambayi mutum ne, me ya faru da kai, yaushe, bayan minti nawa da shan maganin? Wanda fuskarsa ta kumbura numfashinsa ya sarƙe, ko fatarsa ta saluɓe, wannan maganarsa daban ce kuma ba a wasa da ita.

Na san abin da 'yan uwana likitoci za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Mutum ne a gabanka jikinsa zafi rau, sakamakon kalca, wato gwajin gano ƙwayar cutar da maganin da ke kashe ta, ba zai fito ba sai bayan kwana biyu ko uku in ma lab ɗin na yi, idan ka jira ya mutu kai za a tuhuma, idan ka ba shi seftiriyazon babu mai tambayarka. Ni ban ce a hana mai tsananin ciwo magani ba, wanda ake zargin cuta ta shiga jininsa ko sanƙarau a ba shi nan take, cikin awa ɗaya in da hali. Amma a ɗebi jini da fitsari na kalca kafin allurar farko, minti biyar ne, a rubuta a folda dalilin da ya sa aka fara da ranar da za a tsaya, sannan bayan awa 48 zuwa 72 a dawo a sake dubawa, shin har yanzu ana bukata, za a iya komawa maganin da bai kai wannan kashe ƙwayoyi iri-iri ba, za a iya cire kanula a koma na sha tunda yana ci yana sha zazzaɓi ya sauka? Wannan sake dubawar ita ce ba a yi, sai ka ga mutum ya kwana 10 ana yi masa allura don kawai babu wanda ya ce a daina. Wasu asibitocin sun sa doka cewa famasi zai tsayar da bayarwa da kansa idan kwanakin suka cika ba a sabunta ba, kuma tana aiki.

Su ma mutanen lab akwai nasu. Duk shekara ya kamata su tattara sakamakon kalca na asibitin su fitar da takarda ɗaya mai nuna cikin E. koli da aka samu kashi nawa ne har yanzu seftiriyazon ke kashewa, haka kilebsiyela, haka sauran. Da wannan takardar kwamiti zai san ko abin da ya rubuta a fomulari yana nan daram ko ya tsufa, domin ƙwayoyin wannan asibitin ba lallai su zama irin na wancan ba.

Masu sayo wa asibiti magani kuma su ne maganar ta fi shafa, ko da yake ba su cika zuwa taron kwamiti ba. Likitan tiyata ya rubuta sefazolin, ɗan uwan mara lafiya ya zo taga mu ce babu, ya koma, likita ya soke ya rubuta seftiriyazon, bayan 'yan makonni ya daina wahalar da kansa da rubuta sefazolin ɗin gaba ɗaya, mai sayowa kuma ya duba lissafi ya ga ba a neman sa sai ya ƙi sayowa. Haka abin ke zagayawa har magani mai kyau ya ɓace daga asibiti. Dole wani ya fara karya wannan, kuma shugabancin asibiti ne kaɗai ke da ikon cewa sefazolin da sefotaksim ba za su yanke a sito ba.

'Yan uwa masu jinya su ma ina roƙonsu, idan likita ya ce ba sai an yi allura ba, ko ya ce a koma ƙwayar sha, ba rainin ciwon ba ne. Kuma kuna da damar tambaya cikin ladabi, wannan allurar ta mece ce, kwana nawa za a yi, an auna nauyin yaron nan kuwa?

Malam Edita, roƙona gare ku shi ne ku tura wakilanku manyan asibitoci su yi wa shugabanninsu tambaya uku: kuna da rubutaccen fomulari, yaushe kwamitin magunguna ya yi zamansa na ƙarshe, kuma yau ɗin nan akwai sefazolin a ɗakin tiyatarku? Ku buga amsoshin da kuka samu yadda suke.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
wani ma'aikacin famasin asibiti